Buhunan Baba a Cikin Jan Layi

"Wai ita waccan me take sharewa tun ɗazu? Wurin da ko ƙuda bai sauka ba."

"Ke dai bari. Haka take wuni. Har jar tukunyar nan gogewa take yi da tsumma, sai ka ce kwallar jere."

"Ko dai tana da iska ne?"

"Iskar tsoro dai. Ki ƙyasta ashana a bayanta ki gani, sai ta kai Ɗambatta ba ta waiwayo ba."

"Allah sarki. Wani haka aka halicce shi."

"Rage murya, tana jin mu."

Tana jin su kuwa. Mata biyu ne da suka zo sarin ƙuli-ƙuli, suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran a auna musu. Mas'uda ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa sharar, ta jingine tsintsiya can gefe, ta koma bakin kaskonta. Ba yau ta fara jin irin wannan ba, kuma ba ƙarya suka yi mata ba. Matsoraciya ce, ita ma ta sani.

Wurin aikinta rumfa ce doguwa ta kwano a Babura, kan hanyar shiga kasuwa. Hajiya Halima Sa'adiyya ce mai ita. Ana matsar man gyaɗa a ciki, a soya ƙuli-ƙuli, a ɗura man a jarkoki. Bango uku ne da ƙofa ɗaya. Injin yana daga bakin ƙofa, manyan kasaken suya suna can ƙurya a kan murhun gas, mata kuma suna zazzaune a tsakani, masu tsintar gyaɗa da masu murza ƙuli. Duk inda ka taka a rumfar nan maiƙo ne, in ban da kusurwa ɗaya daga hagun mai shiga. A nan akwai ɗan dakalin siminti. A bangonsa aka rataye tukunyar kashe gobara, a ƙarƙashinta bokitan yashi, a gefenta kuma ɗan jan ƙarfen da ake murɗawa a tsayar da gas gaba ɗaya, wanda matan suke kira makulli.

Bartholomew ne ya shirya kusurwar, wani mai haɗa gas da ya daɗe a Kazaure har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Ranar da ya gama aikin ya tara matan, ya nuna musu yadda ake zare ɗan ƙarfen bakin tukunyar a matsa. Daga nan ya buɗe gwangwanin jan fenti, ya durƙusa, ya zagaye dakalin da layi.

"Iyayena, ku dubi layin nan," in ji shi. "Abin da ke cikinsa ba na yau ba ne, na ranar da ba ma fata ne. Ranar ba za ku sami lokacin kawar da komai ba. Ko takalmi kada a ajiye."

Matan suka yi masa godiya suka watse. Ba wanda ya naɗa Mas'uda mai gadin wurin. Ita ta naɗa kanta.

A Roni aka haife ta, a wani gida da ke gindin dutse. Tana ƙarama, ko makaranta ba a sa ta ba, wuta ta kama ɗakin girkinsu da rana tsaka. Akwai rijiya a tsakar gidan, da ruwa a ciki. Guga ne babu, maƙwabta sun ara da safe ba su dawo da shi ba. Abin da Mas'uda ta riƙe daga ranar ba harshen wutar ba ne. Hoton mahaifiyarta ta riƙe, tana tsaye a bakin rijiya, ta leƙa ruwan, ta ɗaga hannu sama, ta sake leƙawa. Ba a rasa rai ba, ɗakuna biyu da awaki aka rasa. Amma tun daga nan Mas'uda ba ta wuce toka ba ta tona ta ga ko akwai garwashi ba. A mota bakin ƙofa take zama. Da aka yi mata aure aka kawo ta Babura, abin da ta fara tambaya a gidan mijinta shi ne inda ake ajiye guga, har ƙannen miji suka yi wata guda suna yi mata dariya.

Lokacin da Hajiya ta bar itace ta koma gas, saura kaɗan Mas'uda ta bar aikin. Sai dai aikin ne ke riƙe da gidan duk lokacin da mashin ɗin mijinta Nafi'u ya kwanta, shi kuwa ɗan acaba ne, mashin ɗin kuma ya tsufa. Don haka ta zauna. Kullum da safe kafin a kunna murhu sai ta bi tiyon gas tana shinshinawa tun daga bango har gindin kasko.

"Shugabar 'yan kwana-kwana ta iso!" Ma'u ke nan, abokiyar suyarta, mai baki kamar rediyo. "Ranki ya daɗe, an ba mu izinin kunna wuta, ko sai an gama faretin hanci?"

"Ki yi dariyarki," Mas'uda takan ce, "ni dai hancina ba ya ƙarya."

"Ki bar ta, Ma'u," Inna Fatu takan sa baki daga ƙurya. Dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, wadda ke zaune a 'yar kujera kusa da kasake tana murza ƙuli, don ta ce ɗumin wurin yana yi wa ƙafarta daɗi. "Tsoron nata ai ba ya cin abincin kowa."

Bayan wuta, akwai abu na biyu da Mas'uda ke shakka, shi ne surukinta, Malam Maikasuwa. Ba don mugu ba ne. Dattijo ne mai sanyin hali, manomi a wani ƙauye arewa da Babura, kuma yana ƙaunarta ƙwarai, "'yata" yake ce mata. Kunya ce kawai irin wadda ta taso ta tarar. Shekara da shekaru da aurenta, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana gani ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba. In ta ji sallamarsa sai ta nemi bayan ƙyaure ta durƙusa. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da amin ba. In tana da buƙata a wurinsa, Nafi'u ke kaiwa.

Da daminar bana ta zauna, Malam Maikasuwa ya fara fito da geron da ya ɓoye. Yakan iso da amalanken shanu da hantsi ranar kasuwa, amma ba ya sayarwa sai da yamma, in mutanen Nijar sun shigo. Tsakanin hantsi da yamma kuwa ga yayyafi, ga laka. Wata ranar kasuwa sai ga amalanken a ƙofar rumfar Hajiya.

Mas'uda ta ji sallamar, ta saki matsami, ta zube a bayan injin.

Dattijon ya gaisa da matan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gwiwar Inna Fatu. Yana magana yana duban ƙasa, yana neman inda ba maiƙo. Sai idonsa ya sauka a kan dakalin.

"Masha Allah. Wa ke share nan?"

"Surukarka ce, Baba," in ji Ma'u. "Ko mu ba ta bari mu taka."

"Ai da gani hannun 'yata ne. Wuri kamar a shimfiɗa a yi salla." Ya juya wajen 'yan dako. "Ku sauke mini a nan. Ajiya ce, Hajiyoyi, zuwa la'asar in Allah ya kai mu."

Mas'uda ta buɗe baki daga inda take durƙushe. Abin da ya fito shi ne, "Sannu da hanya, Baba."

"Yawwa 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Aka jera buhuna, aka ɗora wasu a kan wasu. Bokitan yashi suka ɓace, makulli ya ɓace. Abin da ya rage ana gani shi ne baƙin hannun jar tukunyar, yana leƙe ta saman buhu.

Yana fita ta tashi ta kama kunnen buhu ɗaya ta ja. Ko motsi bai yi ba.

"Ke! Me kike yi?" in ji Inna Fatu. "Ajiyar mutum ce. Yadda ya ajiye haka zai zo ya tarar. In buhu ya yage a hannunki, da wane ido za ki dube shi?"

"Da ma can ba ta duban sa," in ji Ma'u, aka yi dariya.

"Inna, makullin fa yana baya."

"To wuni ɗaya ne. Tun da aka ja layin nan wuta ta taɓa tashi?"

Ranar Mas'uda ba ta iya cin abinci ba. Tana juya ƙuli a cikin mai, idonta yana kan buhuna. Da la'asar aka kwashe su, ta share dakalin, ta goge tukunyar, ta ce da kanta an gama. Kasuwa ta zagayo, sai ga amalanke. Ta sake zagayowa, sai ga shi. Dattijon ya sami wuri, har ya fara gaya wa mutanen ƙauyensu cewa shi yanzu geronsa ba ya ganin laka, yana da 'ya a bakin kasuwa. Daga nan ranar kasuwa ta zama ranar fargabar Mas'uda. Tun jajibiri take jin ta.

Ranar da abin ya faru, rana ta buɗe da safe, aka baza gyaɗa a waje a kan tabarmi da fallayen kwano. Buhuna suna wurinsu. Bayan azahar gari ya yi shiru, sai ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

"Shanya! Shanya!" wata ta yi ihu. "Gyaɗar Hajiya!"

Kowa ya yi waje. Mas'uda ta rage wutar kaskonta kafin ta fita. Ma'u ba ta rage tata ba, ta ce yanzu za ta dawo. Inna Fatu kaɗai aka bari a ciki. Iska ta taso da ƙarfi tana ɗaga tabarmi, ruwa ya fara sauka manya-manya, mata suna ta cika daro suna gudu.

Mas'uda ce ta fara jin warin. Ba warin gas ba ne, warin man da ya wuce soyuwa ne. Kafin ta juya sai ta ji muryar Inna Fatu, wata irin murya da ba ta taɓa jin ta da ita ba.

"Wayyo! Ku zo! Ku zo, 'ya'yan nan!"

Iskar da ta shiga ta ƙofa ta kwantar da harshen wutar murhu ta ɗaga shi ta gefen kasko, man kuma ya riga ya yi zafin da yake jira. Kaskon Ma'u gaba ɗaya ya zama wuta. Tana tashi sama har tana lasar katakon rufi, tana wani huci kamar babbar mota a kan tudu. Inna Fatu ta yunƙura ta faɗi, tana jan jiki da hannu.

Ƙafafun Mas'uda suka ƙi ta. Tana tsaye a bakin ƙofa, daro a hannu, gyaɗa na zuba. Ta ga Ma'u ta wuce ta da gudu da bokitin ruwa.

"Kar ki zuba! Ma'u, kar ki zuba ruwa! Za ki kashe mu!"

Ihun nata ne ya kwance mata ƙafa. Ma'u ta yi cak. Mas'uda ta yar da daro ta yi kan kusurwa, ta ci karo da bangon gero. Ta tura da kafaɗa. Ta ja da hannu biyu har farcenta ya karye.

"Ku taya ni! Ku zo mu ture!"

Mata biyu suka zo suka sa hannu. Buhun sama ya ɗan gusa ya koma. Hayaƙi ya fara saukowa daga rufi, suka saki suka yi waje suna tari suna salati.

Mas'uda ta taka ɗinkin buhun ƙasa ta haye, ta kwanta rub da ciki a saman buhunan. Ga hannun tukunyar a gabanta. Ta kama ta ja sama. Tukunyar ba ta fita daga marataya sai an ɗaga ta, buhu kuma ya danne ta da bango. Ta ja har ta ji wani abu ya amsa a bayanta. Tukunyar tana hannunta, amma ba ta da ita.

"Mas'uda! Zanen Inna! Ya kama!" Ma'u ta yi ihu.

Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta ƙara iya komai ba. Ta saki tukunyar, ta cusa hannunta a tsakanin buhu da bango, inda ko hannun yaro da ƙyar zai shiga. Siminti ya ɗaye mata fata tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ta manna kumatunta da bango, ta ƙara turawa. Yatsunta suka taɓa tiyo, suka bi shi a makance, suka taɓa ƙarfe. Ya zame. Ta sake kamawa da yatsu biyu.

"Ya Allah. Ya Allah. Ya Allah."

Makullin ya juya. Hucin ƙarƙashin kasko ya ɗauke.

Man dai yana ci. Da ta sauko ta tarar Ma'u ta jawo Inna Fatu zuwa tsakiyar rumfa, ta cire jiƙaƙƙen hijabinta ta danne mata ƙafa da shi. Mas'uda ta yi waje, ta kifar da gyaɗar da ke kan wani fallen kwano, ta jawo shi ciki.

"Kama can!"

"Ba zan iya ba, Mas'uda, zafi!"

"Kama, don girman Allah!"

Suka kama gefe da gefe, suka sunkuya, suka zura shi a kan bakin kasko kamar murfi. Wutar ta leƙo ta gefe, ta sake leƙowa, ta mutu. Katakon rufi yana hayaƙi, maza da suka shigo daga titi suka watsa masa ruwa. A waje ruwan sama yana ta zuba abinsa.

Mas'uda ta zauna a cikin maiƙo. Ma'u ta zauna kusa da ita, ta kamo hannun da ya ɗaye tana dubawa.

Aka sa Inna Fatu a mota aka yi asibiti da ita, ƙafar ta ƙone daga idon sawu zuwa ƙwauri. Hajiya Halima Sa'adiyya ta iso, mayafi a hannu. Ta dubi rufi, ta dubi kasko, ta dubi hannun Mas'uda, ta daɗe tana duban buhunan. Daga nan ta rage murya.

"In dattijon nan ya zo, kada wadda ta ce masa komai a kan kayansa. Kun ji ni? Tsautsayi ne. Ba za a ɗora wa tsoho abin da zai hana shi barci ba."

Da la'asar ya zo. Ya tsaya a ƙofa yana salati, ya jajanta, ya yi doguwar addu'a, aka shafa. Ya tambayi asibitin da aka kai Inna Fatu, ya ce gobe zai aiko da kaza. Sannan ya je ya shafa buhunansa, ya shinshina.

"Ikon Allah. Ko warin hayaƙi bai kama shi ba. Wurin nan akwai albarka, 'yata. Ni kam na sami ma'ajiya."

Mas'uda tana durƙushe a bayan injin, ta ɓoye hannun a cikin hijabi. "Amin, Baba," ta ce.

Washegari da safe Nafi'u yana goge mashin a ƙofar ɗaki, ta kawo masa koko ta tsaya.

"Baban Bahijja, ka yi wa Baba magana."

"Wace magana?"

"Ka sani. Ka ga hannuna."

Ya dubi hannun, ya kawar da kai. "Na gani. Wallahi abin ya tsaya mini. To amma in ce masa me? Baba, kayanka ne suka ƙona Inna Fatu? Ni? Mutumin da ko murya bai taɓa ɗaga mini ba?"

"Ka ce masa a kawo nan gidan. Ga zaure."

"Sai ya ce me ya sa. In na faɗa, na kunyata shi. In na ƙi faɗa, ya ce surukarsa ce ta gaji da shi." Ya tura mashin ɗin. "Bari dai, zan san dabarar da zan yi. Ki daina sa abin a ranki."

Ta san dabarar Nafi'u. Ranar kasuwa zai ɗauki fasinja mai nisa.

Ta sami Hajiya a rumfa ana canza katakon rufi.

"Hajiya, ke ce mai wuri. In kika ce a'a, ba wanda zai ga laifinki."

"Ni? Mas'uda, mutumin nan shi ya kama makarar mahaifina. Ya kawo ajiya ƙofata in ce ya kwashe? Garin nan gaba ɗaya sai ya ji." Ta yi ajiyar zuciya. "Na kira Bartholomew, ya ce yana wani aiki a Gwiwa, in ya gama zai zo ya ƙara mana wata tukunyar a waje."

"Makullin fa?"

"Shi ma sai a duba. Damina ai ta kusa wucewa. Ki yi haƙuri."

Da ta je duba Inna Fatu ta tarar da ita a kan gado, an naɗe ƙafar, tana ba matar gadon kusa labari.

"Ga ta nan, jarumar tamu. Ke, daina wannan fuskar, ƙafata ce ta ƙone ba bakina ba." Ta kamo hannun Mas'uda. "Na ji kina yawon neman mai gaya wa surukinki. Ki bari. Ya aiko mini da kaza har da man shanu. In ya ji, wallahi kunya sai ta kwantar da shi."

"To Inna, in ta sake tashi fa?"

Tsohuwar ta saki hannun Mas'uda. Ta yi ta duban ƙafarta. Can ta ce, a hankali, ba wasa a muryar, "In na warke, ki roƙa mini Hajiya a mayar da kujerata bakin ƙofa. Ba na son ƙuryar nan kuma. In na rufe ido ina jin hucinta."

Wannan ya fi komai tsorata Mas'uda. Inna Fatu ce mai cewa tun da aka ja layi wuta ba ta taɓa tashi ba.

Kasuwa ta zagayo. Gari ya wayi da lumshi, iska tana kaɗawa daga gabas. Nafi'u ya fita tun sassafe, ya ce yana da fasinjan Kazaure. Hajiya ta aiko cewa tana da baƙi. A rumfa ba mai tsokanar kowa. Ma'u ta kunna murhunta, ta rage, ta sake ragewa, tana yi tana duban ƙofa.

"Wataƙila yau ba zai zo ba," in ji ta.

Ba ta rufe baki ba suka ji ƙarar ƙafar amalanke da muryar mai kora shanu.

Mas'uda ta ajiye matsami. Jikinta ya nufi bayan injin da kansa, yadda ya saba. Ta kai rabin hanya, ta ga kujerar Inna Fatu a ƙurya, ƙafarta ɗaya ta yi baƙi. Ta dubi matan da ke zaune tsakanin kasake da ƙofa, kowace da daro a gabanta, wata da goyo a baya. Ta juya. Ta haye dakalin da ba ta bari ko takalmi ya hau, ta durƙusa a tsakiyar jan layin, ta sunkuyar da kai.

"Mas'uda," Ma'u ta yi raɗa, "kin haukace ne?"

"Salamu alaikum," in ji dattijon daga ƙofa.

Aka amsa ƙasa-ƙasa. Ɗan dako ya shigo da buhu a wuya, ya zo daidai layin ya tsaya.

"Hajiya, ɗan matsa mana. Hajiya! Wuyana fa!"

Ba ta matsa ba. Tana ganin takalman surukinta na roba, da laka a jikinsu, suna matsowa har suka tsaya a bakin fentin.

"'Yata? Lafiya? Ba ki da lafiya ne?"

Mas'uda ta fito da hannun daga cikin hijabi, ɗayayyar fatar ta fara baƙi, ta miƙa shi ta dafa jar tukunyar. Ba ta iya ɗaga ido ba. Muryar da ta fito siririya ce, amma har matan ƙurya sun ji ta.

"Baba, ka gafarce ni, ban taɓa yi maka magana ba. Ranar gobarar nan abin kashe wutar yana bayan buhuna, na kama shi ya ƙi fita. Ba laifinka ba ne, mu ne ba mu faɗa maka ba. Baba, ina jin tsoro. Don Allah, don Annabi, a kai geron zaurenmu, ni zan share, ni zan shimfiɗa katako. Nan ɗin kawai nake roƙo, Baba. A bar mana nan."